Edna da Tumakin Kufai

A kwarinmu kowa ya san Edna Tallentire matsoraciya ce, ita ma ba ta taɓa musantawa ba. Tana tsoron tsawa. Tana tsoron bijimi ko da katanga ta raba su. Ta koyi tuƙi har ta iya, amma ranar da wata babbar mota ta taho mata a kan gadar ƙauye sai ta kashe injin, ta fito, ta ƙarasa gida a ƙafa, ba ta sake zama a gaban sitiyari ba. A coci ita ke buga piyano, bisa sharaɗin a juya shi yadda za ta ba jama'a baya.

An haife ta a Skelgarth, gona ta ƙarshe kafin hanyar mota ta haura tsauni. Ta bar makaranta da wuri don jinyar mahaifiyarsu, da tsohuwar ta rasu kuma sai ta ci gaba da riƙe wa wanta Wilf gida. Wani direban motar madara ya taɓa neman aurenta, mutumin kirki, amma ya ce a birni za su zauna. Ta yi ta tunani har ya gaji ya auri wata. Kaji nata ne, da lambu, da marayun 'ya'yan tumaki waɗanda take reno a kwali kusa da murhu. Tsauni kuwa na Wilf ne. Haka suka raba duniya tsakaninsu har ta haura sittin.

Tumakin Skelgarth a Kufai suke zama. Haka muke kiran shimfiɗaɗɗen wurin nan da ke kafaɗar tsauni, inda mutanen dā suka yi ƙauye. Abin da ya rage bai wuce gwiwa ba, ciyawa kuma ta lulluɓe shi: zagayen ɗakuna 'yan kaɗan, kowanne da gurbin ƙofarsa, da wani fili da katanga ta kewaye, da 'yar hanya mai zurfi da ta gangara zuwa maɓuɓɓugar ruwa. Daga nan sai iyakokin gonakinsu, dogayen jerin duwatsu da suka miƙe a jikin tudu, wani bayan wani. In rana ta yi ƙasa sai inuwa ta fito da su sarai, kamar bara aka tashi. Wata shekara mutanen jami'a sun zo sun tona kusurwa ɗaya, suka sami rabin dutsen niƙa da fasassun tukwane, suka ce manoma ne na zamanin da Rumawa ke mulkin ƙasar nan. Suka mayar da ƙasar yadda take, suka tafi. Wilf ya ce ya ji daɗi da aka tabbatar, don shi dā yana zaton masu gyaran agogo ne.

Edna ba ta zuwa can. Tana yarinya an taɓa aikenta ta kai wa mahaifinsu shayi, hazo ya sauko ya rufe ta, ta shiga cikin zagayen wani ɗaki ta tsuguna. Ta yi ta jin numfashi ta ko'ina, kusa da kunnenta, ba ta ganin kowa. Daga baya an gaya mata tumaki ne, ta kuma yarda. Amma ƙafarta ba ta yarda ba.

Babu shinge a kan tsauninmu. Abin da ke riƙe garke a wurinsa shi ne sanin ƙasa. Tunkiya tana nuna wa 'yarta inda ruwa yake, da inda ake fakewa in iska ta juya, da inda ƙasarsu ta ƙare, ita ma 'yar ta nuna wa tata. Tumakin Skelgarth, masu jan fenti a kafaɗa, sun san iyakarsu ita ce jerin duwatsu na ƙarshe ta gabas. Bayan shi sai na Alec Brunskill, masu shuɗi a gindi. Ana iya sayen tumaki a kasuwa kowane mako, amma ba a sayen wannan sanin. In garken ya mutu, ya tafi da shi.

A shekarar da ciwon baki da kofato ya shigo ƙasar, Wilf ya zame a kan ƙanƙara ya karya ƙugu. Bai daɗe da dawowa daga asibiti ba, yana jan jiki da sanduna biyu, aka hana kowa motsa dabba ko taku ɗaya, aka hana maƙwabci shiga gonar maƙwabci. Lokacin haihuwa kuwa ya matso. Kowace shekara ana sauko da tumakin a tsallaka hanyar mota da su zuwa filayen gida, su haihu a kusa. Bana hanyar ta zama haram gare su.

"A can za su haihu," in ji Wilf. Yana zaune a kujerar kicin, ƙafarsa a miƙe kan wata kujerar.

"Su kaɗai?"

"Da ke."

"Haba, Yaya."

"To da wa? Da ni? Ɗauke ni a baya mu tafi."

"Ka san ba na zuwa wurin nan."

"Mutanen sun mutu tun kafin a haifi kakan kakanmu, Edna. Ko sun tashi, me za su yi da tsohuwa irinki? Ko miya mai daɗi ba ki iya ba."

"Shekara arba'in kana shan ta."

"Shi ya sa na karye."

Ta yi tsaki, ta juya wajen murhu. Washegari ta sa takalman roba na Wilf da safa biyu, ta tsoma su a bokitin ruwan magani da ke bakin ƙofa, ta kira Moss, tsohon karensu, suka tsallaka hanya.

Kwanakin farko ba ta yarda ta shiga cikin zagayen ɗakunan ba. Tana bin gefe, tana magana da kare da ƙarfi don ta ji muryar mutum. Sanyi ne ya shigar da ita. Wata tunkiya ta haihu a fili cikin iska mai ruwa, ɗan yana kwance ya kasa ɗaga kai, Edna ta sunkuce shi ta waiga tana neman mafaka, ba ta ga komai ba sai ɗakin da ya fi kusa. Da ta tsuguna a ciki sai ta ji iskar ta ɗauke, tana wucewa ta saman kanta. Ƙofar ta ba iska baya. Ta leƙa sauran, duk haka suke. Daga ranar ta fara jan ƙyauren itace daga bakin katangar tsauni tana toshe gurbin ƙofofin, ta mayar da ɗakunan wurin masu jego, filin mai katanga kuma na waɗanda haihuwarsu ta kusa. Katangar ba za ta tsare tunkiya mai son fita ba, amma mai jego ba ta son fita.

Tsoron matattu ya ragu ne don wani ya fi shi girma. Daga Kufai ana ganin kwarin gaba ɗaya, kuma ana ganin hayaƙin dabbobin da aka kashe ana ƙonawa. Da farko can nesa yake, wajen kasuwa, siriri kamar an ƙona shara. Sai ya zama biyu. Sai ya matso. In iska ta taso daga ƙasa tana kawo warin, warin gashi da kitse da man da ake ƙona su da shi, ya kama riga ya kama gashin kai, har burodin da take ɗauko wa kanta a aljihu. Ta san kowace gona da hayaƙin ke tashi daga cikinta. Ta san matan gidan, ta san wadda ta ba ta irin kaji.

Kowace safiya sai ta duba su. Ta kama tunkiya ta buɗe bakinta, tana neman ƙuraje a harshe da dasashi, ta ɗaga kofato ta taɓa ko da zafi. In ta ga wata tana ɗingishi sai ta tsaya ta kasa matsawa, har sai ta tilasta wa kanta, ta je ta tarar tsakuwa ce ta maƙale. Da yamma Wilf yana jiranta da ido a kan ƙofa.

"Yaya dai?"

"Lafiya lau."

"Duka?"

"Duka, Yaya. Bar ni in cire takalmi."

Sai ciwon ya kama shanun Alec Brunskill. Aka kashe shanun a gida, aka ce tumakinsa na tsauni ma sai sun tafi, tunda shi yake ciyar da duka biyun da hannu ɗaya da takalmi ɗaya. Edna tana Kufai ranar da aka tattaro su. Ta ga masu shuɗin gindi suna gangarawa cikin layi zuwa garken dutse, wato shingen da ake tara su, da ke gindin katangar Alec, ta ga mutane cikin fararen kaya, sannan ta fara jin ƙarar, ƙarama, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana buga ƙusa. Ta shiga ɗakin da ya fi zurfi ta zauna a ƙasa, ta rungume Moss, ta toshe kunne ɗaya da kafaɗa. Ba ta fito ba sai da aka daina.

Likitar dabbobin da aka turo musu wata budurwa ce baƙuwa, mai jajayen idanu don rashin barci. Ta tsaya a bakin ƙofar gona, ba ta shigo ba. Ta ce a ƙa'ida na Skelgarth ma sai a kashe su, amma ta roƙa an ɗaga musu ƙafa saboda irin garken ne da ba a mayarwa. Za a jira, a ɗebi jininsu a gwada. Sharaɗi ɗaya ne: kada ko ɗaya ta taka ƙasar Alec, balle ta kusanci garken da aka yi kisan. In wadda ta je can ta dawo ta cuɗu da sauran, magana ta ƙare.

Edna ta ji sanyi a ranta, har ta ce ai ba sa tsallake iyaka. Wilf ya jira har likitar ta tafi.

"Za su tsallaka," ya ce.

"Ba su taɓa ba."

"Don na Alec suna can ne. Kin zaci duwatsun nan ne ke tsare su? Duwatsun da kaza za ta haura? Namu na turawa, nasa na turawa, shi ya sa kowa ya tsaya. Yanzu babu mai turawa. Ciyawa za ta tsiro a can ba mai ci, su kuma suna da ido."

"To me zan yi?"

Ya gyara ƙafarsa a kan kujera.

"Ba su dusa," ya ce. "A tsakiyar Kufai, kullum. Ki kaɗa bokiti su saba."

Edna ta dube shi. Tun tana yarinya take jin mahaifinsu yana zagin masu yin haka. Tunkiyar tsauni da aka koya wa bokiti ta lalace, sai ta bar kiwo ta tsaya jiran mutum.

"Baba zai juya a kabari," ta ce.

"Bar shi ya juya. Ya daɗe a gefe ɗaya."

Haka ta ƙara wa kanta ɗaukar buhu a kafaɗa. Tumakin suka koyi bokiti da sauri har abin ya ba ta kunya. Da ta kaɗa shi sai su taho a guje daga kowane lungu, 'ya'yansu na kuka a baya. Sauran yinin kuma tana kan jerin duwatsun gabas, ita da Moss, su je su dawo, su je su dawo. Tana tafiya a kan iyakar da wani ya jera da hannunsa don ya raba gonarsa da ta wani, wani lokaci har takan yi tunanin ko shi ma ya taɓa tsayawa nan da fargaba irin tata. A gefen Skelgarth ciyawa a gwaguye take har ƙasa. A gefen Alec ta fara yin kore shar, ba kowa a kai. Tumakin sukan zo su tsaya su zuba mata ido, Edna ta kore su, su koma, su sake dawowa. Ta rame. Ko tana gida, in ta rufe ido, iyakar take gani.

Akwai wata tsohuwar tunkiya mai karyayyen ƙaho, wadda Wilf ke kira Gwaggo. Ita ke gaba in garken zai sha ruwa, rabin matasan kuma jikokinta ne. Ta yi nauyi ƙwarai, ba ta haihu ba tukuna. Wata safiya mai hazo Edna ta zuba ido a filin mai katanga ba ta gan ta ba. Ta duba ɗakunan. Ta gangara 'yar hanyar zuwa ruwa. Ta san tsofaffin tumaki sukan ware su nemi wurin da ba kowa in naƙuda ta zo, ta kuma san inda ba kowa yanzu. Ta dubi wajen ƙasar Alec.

Ta hau jerin duwatsun gabas da bokiti a hannu. Hazo ya fara yayewa amma ba a gani da nisa. Ba ta yi tunani ba, hannunta ne ya yi abin da ya saba. Ta ɗaga bokitin ta kaɗa.

Daga can ƙasa, daga gindin katangar Alec, wata murya ta amsa.

Hazon ya buɗe kamar an ja labule. Ga Gwaggo tana miƙewa daga jikin garken dutsen, daidai bakin ƙofar da aka jawo gawarwaki, inda ƙasa ta yi baƙi. Ga ɗan da ta haifa yana tangaɗi a gefenta, jikinsa bai bushe ba. Ta ɗaga kai ta sake yin kuka, ta kamo hanyar gida.

Sai Edna ta ji ƙasa na rawa a bayanta. Ta waiga. Garken duka ya ji bokiti, yana tahowa.

Ta ce daga baya ba ta san lokacin da ta yi abin da ta yi ba. Ta ruga baya wajen garken tana zubar da dusar a ƙasa cikin dogon layi, ta yi jifa da bokitin iya ƙarfinta wajen ɗakunan. Tumakin suka afka wa dusar. Ta daka wa Moss tsawa ya kwanta tsakaninsu da iyaka, tsohon kare ya kwanta, ya kafa musu ido. Ita kuma ta koma kan duwatsun ita kaɗai, ta cire rigar ruwanta ta riƙe da hannu biyu.

Gwaggo ba ta sauri, saboda ɗan. Takan yi 'yan taku ta tsaya ta lashe shi, ta yi masa gunaguni, su ci gaba. Ta san inda za ta. Duk rayuwarta abin da aka so daga gare ta ke nan, ta san hanyar gida ta koya wa ɗanta.

"Koma!" Edna ta yi ihu, tana kaɗa rigar. "Koma, Gwaggo! Don Allah koma!"

Tunkiyar ta tsaya ta dube ta, ta buga ƙafa a ƙasa. Ta karkata hagu. Edna ta bi ta kan duwatsun, ta yi tuntuɓe, ta tashi. Ta karkata dama, Edna ta riga ta. Ba ta isa ta taɓa ta ba, ba ta isa ta sauka ɗaya gefen ba. Ta tsinci duwatsu daga iyakar tana jifa gabanta, tana kuka tana zagi, zagin da ba a taɓa ji a bakinta ba. A bayanta tana jin dusar na ƙarewa, don tumakin sun fara ɗaga kai suna amsa kukan tsohuwarsu.

"Ke 'yar Tallentire!"

Alec Brunskill ne, tsaye a bayan katangarsa can ƙasa. Tun ranar kisan ba wanda ya gan shi a ƙauye. An hana shi fita daga gonarsa, shi kuma kullum yakan zo ya tsaya wajen garken da ba komai. Ya tsufa a 'yan makonnin nan, gemu ya fito masa fari.

"Wa kike zagi haka da safe? Ni ne?"

"Alec! Gwaggo ce! Ta kwana a garkenka!"

Ya dubi tunkiyar, ya dubi garken da ke bayan Edna. Bai sake tambaya ba.

"Ta taɓa sauran?"

"A'a!"

"Ke fa?"

"A'a!"

"To riƙe ta nan. Kada ki sauko, kin ji? Ko ta hau kanki kada ki sa hannu. Ina zuwa."

"Kada ka daɗe!"

"Da can ina da aiki ne?"

Ta ji ƙarar babur ɗinsa mai ƙafa huɗu tana nisa. Ba ta san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Muryarta ta dushe, hannuwanta suka yi nauyi, rigar ta zama kamar buhun yashi. Sau ɗaya Gwaggo ta matso har Edna ta ga ƙwayar idonta, ta ga baƙar ƙasar da ta manne a gwiwoyinta. Edna ta buɗe baki ta yi wata ƙara da ba magana ba ce, tunkiyar ta ja da baya. Ɗan ya gaji ya kwanta a ciyawa. Shi ya cece su, don uwar ta koma ta tsaya a kansa.

Alec ya hauro a ƙafa da bindiga, ya tsaya daga gefensa, nesa da iyaka.

"Har ɗan?" in ji Edna.

"Kin sani, yarinya."

"Na sani."

"Juya ki dubi tumakinki. Ki riƙe karen nan, kada ya zabura."

Ta juya. Ta dubi zagayen ɗakunan, da masu jego suna leƙowa ta saman ƙyaure. Ƙarar ta zo sau biyu. Garken ya watse ya koma cikin Kufai da gudu.

Da ta waigo Alec ya cire rigarsa ya rufe su.

"Saurara," ya ce. "In an tambaya, tawa ce. Ta ɓuya ranar da aka tattara, yau na gan ta. Ba wanda zai ƙirga mini."

"Da jan fenti a kafaɗa?"

"Ina da wuƙa, sai in yanke wurin."

Wilf ma abin da ya ce ke nan da ta isa gida ta zauna a ƙasan kicin da takalmanta. Wa ya gani? Alec ba zai faɗa ba. In an faɗa, wani a ofis da bai taɓa ganin tsauni ba zai ce a kashe duka don a huta.

"Ba zan iya ba, Yaya."

"Ba ki da abin yi. Shiru kawai za ki yi."

"Likitar za ta dube ni. In ta dube ni zan faɗa. Gara in faɗa tun ba ta tambaya ba." Ta share hanci da bayan hannu. "Kuma in akwai abin a jikinsu fa? Ya gangara gonar maƙwabtanmu su Marjorie? Ni ce zan zauna a coci ina buga musu waƙa?"

Wilf ya buga sandarsa a ƙasa, ya zazzage ta. Sannan ya tura mata wayar da bakin sandar.

Likitar ta hau Kufai da kanta cikin fararen kaya. Ta sa Edna ta nuna mata inda ta tsaya, da inda tunkiyar ta tsaya, da inda aka zuba dusa. Ta daɗe tana duban rigar Alec a ɗaya gefen, da tazarar da ke tsakaninta da duwatsun. Ta ce za ta faɗi abin da ta gani, amma ba ita ke yankewa ba. Aka zo aka ɗebi jini. Daga nan sai jira.

Edna ta ce jiran ya fi komai. Ba ta daina hawa ba, ba ta daina bin iyaka ba, amma duk motar da ta ji a hanya sai ta tsaya cik har ta wuce. Takan dubi 'ya'yan tumakin suna tsalle daga kan katangar wani ɗaki zuwa wani, ta kawar da kai. Abinci ya ƙi shiga. Wilf ya daina tsokanarta, wannan kuwa ya fi tsoratar da ita.

Ranar da likitar ta dawo, Edna tana shanya a bayan gida. Ta zagayo da rigar Wilf a jiƙe a hannunta, ta tsaya nesa.

"Babu komai a jininsu," in ji likitar. "An bar su."

"Duka?"

"Duka."

Edna ta sa ta ta maimaita. Sannan ta ce mata ta gode, ta tambaye ta ko za ta sha shayi a nan bakin ƙofa, ta shiga ta ɗora ruwa, ta manta ba ta kunna wuta ba.

Da la'asar ta hau. Alec yana wurin da ya saba tsayawa. Ta je bakin iyaka, ta dubi tudun da ke bayansa, kore shar ba ko tunkiya ɗaya.

"Na ji," ya ɗaga murya. "Yayanki ya kira ni yana ihu kamar shi ya yi aikin."

"Alec, ban san me zan ce maka ba."

"To kada ki ce. Kuma kada ki yi mini kuka, na gaji da jiƙa." Ya jingina da katanga. "In an sake ni zan sayo wasu. Baƙi, daga wani wuri, wawaye, ba su san gabas ba balle yamma. Zan sako su nan su yi ta yawo. Naki ne za su tura su, su koya musu inda za su tsaya. In babu naki, ni da tsaunin nan mun rabu. Saboda haka ki riƙe mini su da kyau."

"Wilf zai warke."

"Wilf ba zai sake hawa nan ba, ke ma kin sani."

Ta sani. Ta dubi doguwar iyakar, har inda ta ɓace a bayan tudu.

"Zai ɗauki lokaci?" ta tambaya.

"Shekaru."

"Ni tsoron wurin nan nake ji, Alec."

"Na sani. Har gida ana jin ki." Ya gyara hularsa. "Je ki, ga wata can tana shinshina ciyawata."

Edna ta waiga, ta kira Moss, ta bi kan duwatsun da sauri.